Ranar Sauka: Ungozoma, Likita da Tarihin Tayar da Naƙuda a Birnin Kano

Kakata ta wajen uwa, wadda manya da yaran unguwarmu ke kira Iya, ta shafe fiye da shekara arba'in tana aikin ungozoma a lungunan da ke tsakanin Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi. Ina 'yar shekara goma na fara bin ta, ina riƙe mata fitila da ƙullin kayanta. Budurwa ba ta shiga ɗakin haihuwa, saboda haka iyakata tsakar gida, inda nake hura wuta ƙarƙashin tukunyar ruwa ina kasa kunne. Abin da na fi ji daga ɗakunan nan shi ne shiru, sai salati ƙasa-ƙasa, sai can kukan jariri ya keta dare.

Bayan shekaru masu yawa, ƙanwata ta dawo daga awo da cikinta na fari, ta ce likita ta umarci a kwantar da ita a tayar mata da naƙuda, domin cikin ya wuce lokacinsa kuma jininta ya hau. Iya, wadda a lokacin ta haura tamanin, ta ajiye carbinta ta ce: "Ba a girgiza itace ɗansa bai nuna ba. Wanda ya sa shi a ciki Shi ya san ranar fitarsa." Gidanmu ya rabu biyu a daren nan. Ni kuwa, ɗalibar tarihi, na rasa abin cewa, domin ina ganin girman Iya kuma ina tsoron abin da likita ta hango. Wannan dare ne ya sa na shiga bin diddigin saɓanin, don in san inda ya samo asali da kuma abin da kowane ɓangare yake tsoro.

Haihuwa a bayan zaure

Tarihin Kano da aka rubuta ya kawo sunayen sarakuna tun daga Bagauda, ya ce Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, ya kuma ba da labarin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya kafa Kasuwar Kurmi. Matan da suka yanke wa waɗannan sarakuna cibiya kuwa babu su a cikin lissafin. Mai neman tarihin ungozoma sai ya koma ga bakin tsofaffi, da kuma 'yan rubuce-rubuce irin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Hoton da ke fitowa daga waɗannan majiyoyi ɗaya ne: haihuwa sha'anin mata ce, a cikin gida ake yin ta, kuma kunya ce ke mulkin ta.

Mace takan ɓoye naƙudarta har sai ta kasa. Takan durƙusa ta haihu a kan gwiwa, shi ya sa har yau in an ce wance tana kan gwiwa kowa ya san abin da ake nufi. Sau da yawa sai jariri ya faɗo ake aika wa ungozoma. Aikinta na ainihi shi ne yanke cibiya, da jiran mabiyiya ta fito a wanke ta a binne, da wanke jariri, da gasa masa cibiya, da tsaya wa maijego kan wankan ruwan zafi da kunun kanwa har a yi arba'in. Iya takan ce ita mai tarbar baƙo ce, kuma mai tarba ba ya zuwa gidan baƙo ya jawo shi.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa ungozomar gargajiya naɗe hannu take yi. Tun ciki na wata bakwai ake fara ba mai ciki maganin zaƙi, bisa fahimtar cewa zaƙin da ta sha yana taruwa ya tare wa jariri hanya, sai ya zuba kafin haihuwa ta zo da sauƙi. In naƙuda ta yi tsawo, a aika wa malam ya yi rubutu, a jiƙa abu mai yauƙi irin karkashi a ba ta don hanya ta yi santsi. A cikin ƙullin Iya akwai wani busasshen tsiro mai kama da dunƙulallen hannu, wanda alhazai ke kawowa daga Makka, Larabawa na kiran sa kaffu Maryam. Takan saka shi a ruwa, yana buɗewa a hankali, a ba mai naƙuda ruwan ta sha. In duk wannan ya gaza, akwai mataki na ƙarshe mai ban tsoro, wato yankan gishiri, inda ungozoma ko wanzami ke sa aska a gaban mace don a buɗe hanyar da ake zaton ta toshe. Wani nazari da aka buga a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari a asibitin koyarwa na Zariya ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kimanin kashi 13 kuma yankan gishiri ne.

Ashe ke nan ƙa'idar ungozoma tana da iyaka bayyananniya. Naƙudar da ta riga ta fara, halal ne a taimaka mata da duk abin da aka sani. Wadda ba ta fara ba kuwa, taɓa ta shisshigi ne cikin abin da ba na ɗan Adam ba.

Lissafi biyu

Tushen saɓanin yana cikin yadda kowa ke ƙidaya. Iya da watan sama take lissafi. In mace ta ce mata rabonta da jini tun watan Takutaha, sai ta lanƙwasa yatsu ta ce a saurari haihuwa bayan Babbar Sallah, ko cikin watan Cika-ciki. Wata take faɗa, ba ta taɓa yanke rana ba. In watan ya wuce shiru, ba ta firgita, domin a iliminta ciki yana iya kwanciya, ya daina girma na wani lokaci saboda tsoro ko ciwo ko sammu, daga baya ya tashi. Wannan fahimta tana da gindin zama a wajen malamai ma, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni sun ambaci shekara huɗu ko biyar a matsayin mafi tsawon zaman ciki. Hukunci ne da ya daɗe yana kare mutuncin zawarawa da nasabar 'ya'yansu, har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta dogara da shi a wata shahararriyar shari'a a 2003. Wanda ya tashi cikin wannan tunani, kalmar "ciki ya wuce lokaci" ba ta da nauyi a kunnensa.

Likita kuwa da mako yake lissafi. Yana ƙirga kwana 280, wato mako 40, daga ranar farko ta jinin ƙarshe, bisa ƙa'idar da ake jingina wa likitan Jamus Franz Naegele na farkon ƙarni na 19. Kwana 280 ɗin nan wata tara da rabi ne a lissafin watan sama, don haka Iya da Naegele ba su yi nisa da juna ba. Likitan ma ya san cewa kimanin mace ɗaya cikin ashirin ce ke haihuwa a ainihin ranar da aka rubuta mata. Inda suka rabu shi ne abin da ke biyo bayan ranar. A wajen likita, mabiyiya tana tsufa. Bayan mako 41 abincin da iskar da take kai wa jariri na iya raguwa, ruwan da yake kwance a ciki ya ja baya, haɗarin mutuwarsa a ciki ya riƙa ƙaruwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2011, ta ba da shawarar tayar da naƙuda ga macen da aka tabbatar cikinta ya kai mako 41. Kalmar tabbatarwa ɗin nan tana da muhimmanci a gari irin namu, inda mata da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya tsufa, lokacin da hoton ciki ba ya iya faɗar shekarunsa daidai.

Asibitin Ƙofar Mata da maganin da ya zo daga nesa

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, amma sai a ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Hukumar En'e ta gina asibiti a cikin birni kusa da Ƙofar Mata, wanda bayan 1976 aka sa masa sunan Murtala Muhammad. A 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta kafa hukumar kula da horar da ungozomomi da yi musu rajista. Daga nan kalmar ungozoma ta zama tana da ma'ana biyu: tsohuwar unguwa da ta gaji aikin, da 'yar makaranta mai farin kaya da takardar shaida. Shekaru da dama matan birni ba su amince da ta biyun ba. Iya ta ce a ƙuruciyarta in aka ji an fita da mai naƙuda zuwa asibiti, makwabta sukan fara salati, domin ba a kai mace can sai an fid da rai. Da yake a makare ake kai su, da yawa ba sa dawowa, rashin dawowar tasu kuma ya ƙara tabbatar wa mutane da zatonsu. Farfesa Kelsey Harrison, da ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya nuna wannan da alƙaluma: mafi yawan matan da suka rasu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su bayan abu ya ɓaci.

Abin da ya ba ni mamaki da na shiga tarihin magungunan naƙuda shi ne, su ma Turawa daga hannun ungozoma suka fara karɓa. Akwai wata baƙar cuta da ke fitowa a zangarniyar wani hatsinsu, mai kama da ɓurtuntunar dawa. Tun ƙarni na 16 ungozomomin Jamus ke ba mata ita don naƙuda ta yi sauri. A 1808 likitan Amurka John Stearns ya tallata ta ga 'yan'uwansa likitoci, suka rungume ta hannu biyu. Ba a yi shekara ashirin ba wani likitan birnin New York, David Hosack, ya lura da yadda haihuwar jarirai matattu ta yawaita, ya ce garin nan ya fi cancanta a kira shi garin mutuwa. Dalili shi ne yana sa mahaifa ta ƙanƙame ba sassautawa, jariri ya rasa iska. Aka koma amfani da shi bayan haihuwa kawai, don tsayar da jini.

A 1906 Henry Dale a Landan ya gano cewa wani ruwa da ke fitowa daga wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana sa mahaifa ta matse. Shi ne oksitosin. Likitocin farko sun riƙa yin allurarsa da yawa a lokaci guda, mahaifun mata suka riƙa fashewa. Sai a 1948 Geoffrey Theobald ya nuna cewa a tsarma shi cikin ruwa a riƙa ɗiga shi a jijiya kaɗan-kaɗan, yadda za a iya tsayarwa da zarar an ga alamar haɗari. A 1953 Vincent du Vigneaud ya haɗa shi a ɗakin gwaji, ya sami kyautar Nobel a 1955. Afirka ma ta sa hannu. A Jami'ar Makerere da ke Kampala ne Sultan Karim ya fara tayar da naƙuda da sinadarin furostagilandin a 1968, kuma a Rodeshiya, Zimbabuwe ta yau, Philpott da Castle suka tsara takardar bin sawun naƙuda a 1972, wadda ungozoma ke cikewa don ta gane lokacin da naƙuda ta fara jan ƙafa. Wannan tarihi na shekara ɗari biyu darasi ɗaya yake maimaitawa: duk lokacin da aka sami magani mai ƙarfi aka ba da shi ba ma'auni kuma ba mai tsaro, mata da jarirai ne suka biya.

Da allura ta fita daga asibiti

Ƙiyayyar Iya ga allurar naƙuda tana da kabari a bayanta. Cikin shekarun 1990, 'yarta ta biyu, goggona, tana da ciki na bakwai. Naƙuda ta fara da magariba, ta yi sanyi da tsakar dare. Iya ta tafi wani gidan haihuwa a unguwar gaba. Kafin ta dawo, dangin miji sun kira wani mai allura da ke da ɗan kemis a bakin titi, ya yi wa goggo allurar naƙuda a cinya, da bai ga abin da yake so ba ya ƙara. Iya ta ce ta tarar da ita tana wani irin murƙususu da ba ta taɓa gani ba, can sai ciwon ya ɗauke ɗif, jikinta ya yi sanyi, gumi ya rufe ta. Mahaifa ce ta fashe. An sa ta a mota da asuba, ba a kai bakin ganuwa ba rai ya yi halinsa, ita da abin da ke cikinta.

Duk likitan mata da na ba wannan labari yakan girgiza kai tun kafin in ƙarasa, domin ya san ƙarshensa. Macen da ta haihu sau biyar ko fiye mahaifarta ta yi laushi. Allurar da aka zuba a tsoka ba a iya janye ta. Kuma naƙudar da ta tsaya tana iya zama alamar cewa jariri ya gicciye ko kansa ya fi ƙarfin ƙugu, wanda in aka matsa masa da magani, bango ake tura shi. A wannan gaɓa Iya da likitoci bakinsu ɗaya, sai dai ita ta ɗora laifin a kan allurar, su kuma sun ɗora shi a kan hannun da ya yi ta.

Matsalar ba ta kau ba. A Janairun 2006 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi wa ƙwayar misofurostol rajista don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, kuma ta ceci rayuka masu yawa da ita. Amma ƙwayar nan ita ce kuma ke tayar da naƙuda, kuma abin da ake buƙata don haka mikrogiram 25 ne kawai, alhali ƙwaya guda da aka fi sayarwa 200 ce. Wanda ya ba mai ciki guda sukutum ya ba ta ninki takwas. Shi kuma oksitosin yana buƙatar sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a garin da zafin bazara ke haura 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas. Wani bincike da aka buga a 2018 ya sami kusan kashi uku cikin huɗu na samfurin oksitosin da aka tattara a Nijeriya ba su cika ƙa'idar inganci ba. Mai allurar da ya saba da mataccen magani yana ninkawa, ranar da ya ci karo da mai rai sai a yi jana'iza.

Murya ta uku

Tsakanin Iya da likita akwai ungozomar asibiti, wadda mata ke kira Sista. Wata daga cikinsu, ƙawar mahaifiyata da ta yi ritaya bayan shekara talatin a ɗakunan haihuwa, ta fayyace mini matsayinsu. Ta ce likita yana rubuta umarni ya wuce wani ɗaki, ita ce za ta zauna da matar. Ita za ta ƙirga ɗigon ruwa a minti, ta ɗora tafin hannu a kan ciki ta ƙidaya sau nawa mahaifa ta matse cikin minti goma, ta tabbatar bai wuce biyar ba, ta kafa ƙahon sauraro kowane rabin awa ta ji bugun zuciyar jariri yana tsakanin 110 da 160. "To 'yata," in ji ta, "in mata goma sha biyar ne a ɗaki, mu biyu ne a kan aiki, hannun wa zan ɗora a kan cikin wa?" Tun da gwamnatin Kano ta mayar da haihuwa kyauta a 2001 ɗakunan suka ƙara cika, ma'aikata kuwa ba su ƙaru daidai da haka ba.

Ba ta ƙin tayar da naƙuda in akwai dalili. Abin da take ƙi shi ne a fara da yamma lokacin da ma'aikata suka ragu, ko a fara bakin mahaifa bai nuna ba, ko a yi don biyan bukatar mai son haihuwa kafin Sallah. Ta san cewa naƙudar da aka tayar ta gaza, ƙarshenta tiyata ne, kuma macen da aka yi wa aiki a cikin fari, wadda ke da haihuwa shida ko bakwai a gabanta kuma mai yiwuwa a gida za ta yi su, an bar mata tabon da zai iya buɗewa wata rana. Irin wannan ƙorafi ungozomomin Biritaniya suka yi a shekarun 1970, lokacin da tayar da naƙuda ya kai kusan kashi 40 na haihuwa a can. Sai dai halinmu ya sha bamban da nasu. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana tayar da naƙuda a kashi 35.5 na haihuwar asibiti a Siri Lanka, a Nijar kuwa kashi 1.4. A yankinmu waɗanda suke buƙata ba su samu ba sun fi waɗanda aka yi wa ba dalili yawa. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kimanin haihuwa ɗaya cikin biyar ce kawai ake yi a asibiti a Jihar Kano.

Abin da likita ya fi tsoro a nan shi ne jijjiga. Hawan jinin ciki yakan zo da kumburi da ciwon kai da dishi-dishin gani, sai mace ta faɗi tana taune harshe, mutanen gida su ce iska ce su kunna turare. Maganin da ke kwantar da jijjigar, magnesiyam salfet, an baza shi a asibitoci goma na Jihar Kano a 2008, mace-macen da cutar ke yi a cikinsu ya sauko daga kusan kashi 21 zuwa kusan kashi 2. Amma maganin yana sayen lokaci ne kawai. Tushen cutar yana cikin mabiyiya, kuma ba ta warkewa sai an raba uwa da cikin.

Daren ƙanwata

Wannan ne halin da ƙanwata ke ciki. Ta fara awo da wuri, hoton wata na uku ya tabbatar da lissafin, ƙafafunta sun kumbura, kanta na sarawa. Mahaifinmu ya yanke hukunci a tafi. Iya ta ce in dai za a tafi, ƙafarta ƙafarsu. Muka shiga a-daidaita-sahu muka ratsa lunguna, tana riƙe da ƙullinta.

Likitar da muka tarar matashiya ce, 'yar cikin birni. Ta rusuna ta gaishe da Iya, ta ce, "Iya, an ce ke ce ungozomar unguwarku. Zo ki taɓa ƙafar nan ki gaya mini abin da kika gani."

Iya ta danna yatsa a ƙaurin ƙanwata, gurbin ya zauna bai taso ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Na san wannan. Na ga mata uku da irin sa. Biyu sun faɗi."

"Shi nake gudu, Iya."

"'Yar nan, ni kuma allurarku nake gudu. Ta cinye mini 'ya."

Likitar ta nemi ta ji labarin, ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba. Sannan ta sa aka kawo ƙwayar, aka narkar da ita cikin ruwa a gaban Iya, ta nuna mata ɗan abin da za a riƙa ba ƙanwata ta kurɓa duk bayan awa biyu, ta ce da zarar ciwo ya kankama za a dakata. Iya ta dubi kofin ta ce wannan ai kamar rubutu ake shan sa. Sistar da ke tsaye ta yi murmushi ta ce, "Iya, kin ce ba a girgiza itace. Ai ko Nana Maryamu, amincin Allah ya tabbata a gare ta, da naƙuda ta kai ta gindin dabino, an umarce ta ta girgiza." Iya ta harare ta, ta ce yaran zamani sun iya baki. Amma ta sa sharaɗi guda, cewa ba za ta bar gefen gadon ba, kuma aka yi mata alfarmar da ba a saba yi ba.

Ni a baranda na kwana, kamar yadda na saba kwana a tsakar gidajen mutane ina yarinya. Abin da ya faru a ciki daga bakin Sista na ji shi. Ta ce mata sun yi yawa a daren, tana ta kai-komo tsakanin gadaje. Tsohuwar nan kuwa ta ɗora tafinta a kan cikin jikarta tun daga isha'i, tana jan carbi da ɗaya hannun, ƙwaya guda ga kowace matsa. Wajen ƙarfe uku ta ɗaga murya ta ce a zo, ciwon yana hawa kan ciwo ba ya sauka. Sista ta zo ta ƙirga, ta tarar da gaskiya ne, aka fasa ba da kurɓin da ke tafe, aka juya ƙanwata ta kwanta a gefen hagu, aka kira likita. Mahaifar ta sassauta, bugun zuciyar jariri ya daidaita. Ana kiran assalatu ta sauka, mace, da kanta ba tiyata. Sista ce ta yanke cibiya da almakashi, Iya na tsaye tana duban yadda take ɗaurewa.

Ba zan ce Iya ta sauya ra'ayi ba. Har ta koma ga Mahaliccinta tana cewa ranar yarinyar ce ta zo, da magani da babu. Likitar ma na tabbata ta rubuta a takardarta cewa magani ya yi aiki. Abin da na gani shi ne, likita ta kawo ilimin da ya hango haɗarin da kuma ma'aunin da aka yi shekara ɗari biyu ana biyan rayuka kafin a gano shi, Iya kuma ta kawo abin da asibitin ya rasa a daren, wato mutum guda da zai zauna da mace guda har gari ya waye. Tun daga shekarun 1990 manufofin lafiya na duniya suka juya baya ga horar da ungozomomin gargajiya suka koma ga ƙwararru, kuma akwai hujja a kan haka. Sai dai a birnin da mafi yawan mata har yanzu a gida suke durƙusawa, tsohuwar unguwa ce ke fara ganin kumburarriyar ƙafa, kuma kalmarta ce ke sa a fita da mace ko a bar ta. Yau Kano tana da 'ya'yanta mata a sahun gaba na wannan ilimi, irin su Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, waɗanda suka san harshen zaure kamar yadda suka san na ɗakin tiyata. A hannunsu ne nake ganin za a iya mayar da alfarmar da aka yi wa Iya ta zama tsari.

Ƙullin Iya yana wajena yanzu. Akwai reza a cikinsa da ba a ɓare ba, da zaren ɗaure cibiya, da busasshen tsiron nan na Makka. A ƙasansu na tarar da katin awon ƙanwata, an naɗe shi huɗu, ranar da likita ta rubuta tana nan da jan biro. Iya ba ta iya karatun boko ba, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ta ajiye shi ba.